Ƙafafun bindigata sun saki kafin a yanke shinkafa: gyara zan yi ko in haƙura da su?

Mai Fangali, Auyo

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin a gane inda ciwon yake.

Noman rani nake yi a ƙasar Auyo, shinkafa a kwari, masara da ɗan albasa a gefen tudu. Ba jan baki ne ya kawo ni ba, shi wannan ba a yi masa bindiga, sai yara da gwangwani da majajjawa, in abin ya fi ƙarfin kowa a jira jirgin feshi. Ni masu cin amanata kurege ne da gafiya, sai hasbiya in an baza hatsi a mashanya. Kurege ya taɓa tone mini irin masara layi huɗu a yini biyu, kamar wanda aka biya lada. Shi ya sa shekara 3 da suka wuce na sayi bindigar iska, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, mai cin ƙwayar dalma lamba 5.5. Takardarta tana nan a aljihun jakata, kafin wani ya tambaya.

Na ba hamsin baya, kuma duk wanda ya yini yana jan tiyo da ɗaukar injin ban-ruwa ya san yadda hannu yake rawa da la'asar. Ɗan ƙanena da yake karatu a Kano ya ga ina ta kuskure, da ya zo hutu sai ga shi da wasu ƙafafu biyu masu naɗewa, ya ce sunansu baifod. Kowace ƙafa da sifirin ɗinta a waje, ana zuge ta ta ƙara tsawo, ƙasanta da roba. Babu sunan kamfani a jiki, kwalin ma babu. Kuɗinsu bai kai rabin buhun taki ba. Da yake katakon bindigata tsage yake ta ƙasa, babu inda za a ɗaura su, sai suka zo da wani maƙali mai noti biyu da ake damƙe bututu da shi.

Sati biyun farko har nuna wa mutane nake yi a bakin gona. Daga nan aka fara.

Notin maƙalin ba ya yin harbi ashirin sai ya saki, har na koma yawo da alanki a hula. Da hunturu ya kankama, ƙafar hagu ta daina zugewa, na ɗiga mata baƙin mai na inji, ta yi kwana uku lafiya, sannan ta ƙame gaba ɗaya. Roba ɗaya taɓo ya cinye ta ban ma san ranar ba. Wata rana bindigar ta zame mini a bakin kwata ƙafafun suka sha ruwa, bayan sati na ga sifirin ya yi jan tsatsa, ƙugiyarsa ta karye ina buɗewa. Na ƙarshe, jakar ta faɗo daga kan babur a hanyar gida, ba wata faɗuwar kirki ba, kunnen da ƙafar dama take juyawa a kai ya tsage.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba karyewar ba ce. Tun da na ɗaura su saitina ya ƙara lalacewa. Da hannu zalla nakan samu kurege ɗaya a harbi uku. Da ƙafafun nan sai in ga ƙura ta tashi taƙi guda sama da shi, gobe kuma ƙasa da shi.

To jama'a, wannan ce marar kyau ko duk haka suke? In na runtse ido na sa an kawo mini mai tsada, za ta jure ƙurarmu da taɓonmu? Ko mai walda zai iya ɗinke mini wannan kunnen?

Mai Walda, Hadejia

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka ƙona man babur ka zo wajenmu, ɗauki abin ka dubi bakin tsagar a rana. In ka ga cikinsa toka-toka, ƙwaya-ƙwaya kamar an fasa ƙanzo, to zubi ne, ba a sassaƙa shi daga dunƙulen ƙarfe ba. Yawancin irin waɗannan masu araha da zinki ake zuba su, kamar hannun ƙofa da jikin kafireto. Shi kuwa a wajen zafin digiri 400 yake narkewa, alminiyam sai 660, baƙin ƙarfe sai wajen 1,500. In na kusanto shi da wutar walda ta kwalba ko ta lantarki, ɗigewa zai yi a ƙasa kamar kitse. Alminiyam na kirki ma sai mai injin walda mai iskar agon. Ka samo maganaɗisun tsohuwar sifika ka bi jikinsa gaba ɗaya: inda ya kama ƙarfe ne, wannan muna iyawa, inda bai kama ba kada kowa ya karɓi kuɗinka da sunan walda.

Abin da za a iya yi shi ne a yanko farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 ko 3, a lanƙwasa shi siffar kunnen, a huda, a ɗaure da bol da noti. Zai yi muni amma zai riƙe.

Baƙin man nan kuwa kai ka kashe ƙafar hagu da hannunka, Allah ya ba ka haƙuri. Mai da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama irin man da muke girandin bawul da shi, yana cin ƙarfe yana daskarewa. Cire ta, wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, shanya ta bushe sarai, sannan ka goga mata bakin fensir a inda take zugewa. Shi ba ya kiran ƙura. In ka ga wani farin gari a gindin notuna, ruwa ne ya shiga tsakanin ƙarfe da alminiyam, suna cin juna. Nan kaɗai ake sa ɗigon giris, a cikin zaren, a goge na waje.

Noti mai saki: ka sa masa sifirin washa, ko ka canza shi da irin mai roba a ciki. In ba ka samu Loctite mai shuɗi ba, wato gam ɗin da ke riƙe noti, ari jan farcen uwargida ka shafa a zaren ka ɗaure, ka bar shi ya kwana. Sifirin ɗin da ya karye kuma je wajen masu gyaran babur, cikin tarkacen na birki za ka samu mai kama da shi.

Mai Shayi

Alhaji, da kuɗin ƙafafun da kuɗin gyaran, da tarko goma ka saya da ƙullin gyaɗa. Kurege bai san baifod ba.

Tsohon Soja, Ringim

Ƙanena, sannu da aiki, Allah ya sa albarka a gonar.

Na ɗauki bindiga mai ƙafafu shekaru, ciki har da Laberiya lokacin aikin kiyaye zaman lafiya na ECOMOG da aka fara a 1990. Babbar bindigar nan ta Beljiyam, FN MAG, wadda muke ce wa jifiyamji. Ruwan saman Monrobiya ba irin namu ba ne, sai a yi kwanaki ba ka ga busasshiyar ƙasa ba, ga iskar teku mai gishiri. Ban taɓa ganin ƙafarta ta karye ba. Amma ka tambayi kafaɗata. Bindigar kusan kilo 12 ce babu harsashi, ƙafafun kuwa ba zugewa, ka buɗe ka rufe, shi ke nan. Kuma kullum sai an goge, ko an yi aiki da ita ko ba a yi ba, in ba haka ba saje ya ba ka aikin da za ka tuna.

Taka kuwa ka ƙirga mini gaɓoɓinta: wajen naɗewa biyu, wajen zugewa biyu, wajen karkata, maƙali. Kowace gaɓa ƙofa ce ga rairayi. Mai tsada za ta fi daɗewa, ban musa ba, amma ita ma sai ka yi mata hidimar da soja yake yi wa tasa, kai kuma ga ban-ruwa ga taki ga 'yan ƙwadago.

Akwai abin da ba ka tambaya ba zan faɗa maka. Gajerun ƙafafu na mai kwanciya rub da ciki ne. A filin atisaye an share ƙasa. Kai ina za ka kwanta? A kan kunyar fangali da magariba, inda ɓera yake bi? Inda ɓera yake nan maciji yake. Kububuwa kalar ƙasa gare ta, ba ta gudu, kuma mutumin da ya kwanta fuskarsa da wuyansa ya miƙa mata. Ni da hankalina ba zan yi ba. Bayan haka, in shinkafa ta kai gwiwa, me za ka hango daga ƙasa?

Na biyu, harbin kwance ƙwayar tafe take miƙe da ƙasa, in ta kuskure sai ta wuce gona ta gaba. Gonakinku cike suke da yara masu koran tsuntsu, ga Fulani da shanu a burtali. Dalmar iska ba ta da ƙara amma tana fasa ido, tana iya fin haka. Kada ka taɓa kunama sai ka ga tudun ƙasa a bayan abin da kake nema.

Na uku, ka kyauta da ka yi takarda, don dokar makamai ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin masu buƙatar lasisi, mutane da yawa ba su sani ba. Amma takarda a jaka take, ido kuwa siffa yake gani. Bindigar iska da aka ɗora wa madubi da ƙafafu, daga nesa da dare ba ta da maraba da ta yaƙi. A wannan zamani kada ka hau babur da ita a haka. Kwance komai, sa a buhu, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintirin garinku abin da kake da shi.

Ɗan Kadawa, Kura

Baba, ina wuni. Gaban manya zan yi magana, a yi mini afuwa, amma na daɗe ina wasa da bindigogin iska a gonar tumatir ɗinmu, kuma ina ganin babbar matsalar ba a ƙafafun take ba.

Siffar da ka bayyana, mai sifirin biyu a waje, kwaikwayon ta kamfanin Harris ce, na garin Barlow a jihar Kentaki ta Amurka. Tun shekarun 1960 suke yin ta kusan a siffa ɗaya, alminiyam mai tauri da baƙin ƙarfe a wuraren da suke shan wahala, kuma sunanta ya yi kyau wajen daɗewa. Akwai mai inci 6 zuwa 9, wato santimita 15 zuwa 23, ta kwanciya ke nan. Akwai mai 9 zuwa 13. Akwai doguwa mai inci 13 da rabi zuwa 27 ta mai harbi a zaune. Kuɗinta yana wajen dala 100 kafin a yi maganar kawowa. Sai Atlas ta kamfanin B&T a Wichita, jihar Kansas, ita ba ta da sifirin a waje, ƙafarta tana tsayawa a mazauni biyar, gaba ko baya ko a miƙe, kuma ta haura dala 200. Su biyun nan ana yi musu jabu sosai, har da buga suna a jiki. In ka ga wani yana sayar da Atlas a farashin buhun siminti, ka san abin da ke ciki.

To amma ko ta asalin aka ba ka kyauta, a ina za ka ɗaura? Harris tana kama wani ɗan ƙusa ne da ke ƙasan katako, wanda ake maƙala igiyar rataya. Atlas kuma yawanci a kan layin ƙarfen nan mai tsaga-tsaga take zama, Picatinny, wanda sojan Amurka suka amince da ma'auninsa a 1995. Duka a jikin katako ko gangar jiki, ba a bututu ba. Taka babu ko ɗaya, saboda sandar ɗana sifirin tana bi ta wannan tsagar.

Ga abin da yake faruwa in ka taɓa kunama. A cikin bindigarka akwai ƙaton sifirin da fistin. In ya kuɓuce ya yi gaba, bindigar tana yin baya. In fistin ya je ƙarshe ya daki iskar da ya matse, sai ta fizgo gaba. Tsalle biyu ke nan, kuma dalmar ba ta gama fita daga bututu ba ake yin su. Wannan fizgar gaba da bayan ita take kwance maka noti duk harbi ashirin, ita ce kuma take kashe madubin da ba don bindigar iska aka yi shi ba. Irin wannan bindiga so take a ɗora ta a buɗaɗɗen tafin hannu, ba matsi, a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi rawarta iri ɗaya. In ka kafa ta a kan abu mai tauri sai ta yi tsalle, kuma tsallen kan busasshiyar laka daban, na kan rairayi daban, na kan taɓo daban. Ka ga dalilin yau sama gobe ƙasa.

Ƙari a kan haka, bututunka a kan gaɓa yake. Ka rataya masa nauyi, ka kuma tokare shi daga ƙasa da nauyin bindigar duka. Ko kaurin gashi ya motsa a gindi, a taku 20 ya zama abin gani.

Inda ƙafafu suke aiki sosai shi ne bindigar iska mai tanki, wadda ake cika wa iska da famfo har matsin ya kai wajen 200 a ma'aunin "bar". Ita ba ta da fistin mai duka, shiru take, kuma da yawansu suna zuwa da wajen ɗaurawa. Amma kuɗinta da na famfonta wata magana ce, kuma robobinta ba sa son ƙura.

Tun da ka ambaci baƙin mai, Baba don Allah kada ko ɗigo ya shiga ramin da iska take fitowa. Matsin yana kunna shi kamar injin gas, ka ji ƙara da hayaƙi, ya ƙone robar fistin, wani lokaci ya karya sifirin.

Jikan Sarkin Baka, Kafin Hausa

Yaron nan na Kura ya yi magana da boko, amma abin da kakana yake faɗa ne da Hausa: ba a ɗaure wa bindiga baki.

Mu gwafa muka gada. Da adaka ake fita, mai dukan kafaɗa kamar jaki, kuma ba a taɓa maƙala mata komai ba. Malam, samo sanda biyu miƙaƙƙu, kaurin babban yatsan ƙafa. Marke ya fi, in babu ka sa gora. Ka shanya su a inuwa, rana tana tsaga su. Tsawonsu: zauna a ƙasa yadda kake zaman harbi, su wuce haɓarka da taƙi guda. Haɗa su ka naɗe da robar tub ɗin keke, taƙi ɗaya daga sama, kada ka matse har su kasa buɗewa. Gindin ka fiƙe shi ka babbaka a wuta kaɗan, yana ƙara tauri. In kana son ƙasa ka buɗe ƙafafun, in kana son sama ka tsuke. A taɓo su nutse su kafu, a tudu su tsaya, a gangare ka karkata ɗaya. Babu noti babu sifirin.

Kada ka ɗora katako a kan itace kai tsaye. Ko ka naɗa fata ko tsumma a bakin gwafar, ko ka kama mahaɗar da hannun hagu ka ɗora bindigar a bayan hannunka. Kuma katakon za ka ɗora, ba bututu ba.

Tawa ta yanzu damina shida ke nan. Robar kaɗai nake canzawa. Da ita nake bugun ciyawa in zan wuce, da ita nake auna zurfin ruwa, ranar da kare ya taso mini a wata ruga ita ta raba mu. Kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ni a hanya don ya ga sanda biyu.

Ku mutanen Auyo kuna kusa da dausayin Baturiya. In agwagin nan baƙi sun sauko da sanyi, kada a ce gwafa ta yi daɗi a leƙa can, wurin a tsare yake.

Mai Fangali, Auyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na yi shiru kwana tara don ina so in gwada da kaina kafin in dawo.

Maigidan walda, na bi ta da maganaɗisu. Sifirin da notuna kaɗai ya kama. Bakin tsagar kuwa ƙanzo sak. Ƙafar hagu na wanke da kananzir, abin da ya fito daga ciki kamar kwatar gidan mai, yanzu tana zugewa. Jan farcen ma na ara, an tambaye ni abin da zan yi da shi, na yi bayani, ba a gamsu ba har yau.

Ranar Asabar da safe kafin iska ta tashi na jingina kwalin sabulu a jikin ganuwar ƙasa, na zana ɗigo da gawayi, na ƙirga taku 20. Dalma iri ɗaya, daga gwangwani ɗaya, harbi biyar-biyar. Da ƙafafun a bututu (na ɗaure kunnen da waya don gwajin kawai), huda biyar ɗin sai da na buɗe tafin hannu na rufe su, biyu ma can sama. Na kwance su. Da gwafar marke, katako a kan itace tsirara, ta ragu amma ba sosai ba, kamar gindin kofin shayi. Da na kama mahaɗar na ɗora bindigar a bayan hannu, na sassauta kafaɗa yadda ɗana na Kura ya ce, huɗu suka taru a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe, ɗaya ta fita, kuma wannan ni na fizgi kunama, na ji a jikina. Na sake sau biyu don kada ya zama sa'a. Haka dai.

Wato wata huɗu ina zagin ƙafafu, ina zagin mai sayar da dalma, har na fara zargin idona, na yi niyyar zuwa a auna mini tabarau.

Yaya tsohon soja, maganar kwanciya ta shige ni. Na tuna wata la'asar da na kwanta a gindin kunya na fi minti goma ina jiran gafiya, ban ko dubi ramukan da ke gefen kunnena ba. Yanzu a kan buhu nake zama, baya a jikin bishiyar darbejiya, fuska ga ganuwa. Mai unguwa ma na je na gaya masa, ya ce ai ya sani tun bara.

Ƙafafun ban kai gyara ba. Jikana ya kafa su a tsakar gida ya ɗaure musu tocila, da su ake haska wajen wanke-wanke. Ɗan ƙanena bai ji daɗi ba da farko, na nuna masa kwalayen uku.

Mai Shayi, na sayi tarkon, huɗu ba goma ba. Sun kama gafiya biyu da bushiya ɗaya da ba ruwanta, na sake ta. Kurege kuwa ya cinye gyaɗar ya bar tarkon a ɗane.

Jikan Sarkin Baka, saura tambaya ɗaya. Robar tub ɗin da na naɗa ta fara tsattsagewa tun yanzu, da alama tsohuwa ce, ko kuma don ina barin gwafar a rana a bakin gona. In na sa tsirkiyar fata a madadinta, ba za ta saki ba in ta sha raɓa?